Me Ya Sa Bidiyon Da Ya Buɗu A Waya Yake Ƙin Buɗuwa A Linux? Darasi Daga Birnin Gwari

A ƙarshen watan Satumba na 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka katse layukan sadarwa a wasu ƙananan hukumomi saboda matsalar 'yan bindiga, kuma Birnin Gwari na cikinsu. Sai a ƙarshen Nuwamba aka sanar da dawo da sabis. Kusan wata biyu ke nan babu kira, babu data, babu WhatsApp. Amma katse sabis ba ya hana waya kunna abin da ke cikinta. A irin wannan yanayi karatun Alƙur'ani, wa'azi, fim, waƙa da bidiyon biki suna yawo ne daga hannu zuwa hannu, ta memori da Bluetooth da Xender, kamar yadda dama ake yi a ƙauyukan bakin dajin Kamuku, inda ko ba a katse ba sai mutum ya yi ta yawon neman sabis ɗin. Mai shagon caji da turi, da tsohuwar kwamfutarsa da janareto ko sola, shi yake zama intanet ɗin unguwa.

To a ɗauka wani matashi ne mai irin wannan shago. Kwamfutarsa ta tsufa, Windows ya yi mata nauyi, ga bairos da ke shigowa ta memorin kwastomomi yana mayar da fayil ɗin mutane wani abu daban. Sai abokinsa ya ba shi filashi mai ɗauke da Fedora ko Ubuntu, ya ce masa wannan kyauta ne, ba ya nauyi, kuma bairos ɗin Windows ba ya kama shi. Duk gaskiya ne. Ya sa, kwamfuta ta tashi garau. Ya danna bidiyon farko, allo ya yi baƙi. Ya danna na biyu, ga murya babu hoto. Can sai saƙo ya fito cewa ana buƙatar ƙarin wata 'yar manhaja, a sauko da ita daga intanet. Intanet ɗin da babu shi.

Abin da zai fi ɗaure masa kai shi ne, wannan bidiyon dai yana buɗuwa lafiya lau a wayar itel ɗin da ke aljihunsa, kuma Android ɗin da ke cikin wayar a kan Linux aka gina shi. Kwamfutar ba ta lalace ba, bidiyon ma lafiyarsa ƙalau. Matsalar ta doka ce da kuɗi, kuma tana ƙara shafar mutane tun da Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, alhali tsofaffin kwamfutocin da ake sayowa na hannu da yawansu ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Masu irin su da dama Linux za su koma.

Ambulan daban, wasiƙa daban

Kuskuren farko da kusan kowa ke yi shi ne ɗaukar haruffan ƙarshen sunan fayil a matsayin nau'in bidiyon. MP4, 3GP, MKV, AVI, duk mazubi ne kawai, kamar ambulan. Wasiƙar da ke ciki ita ce ainihin hoton da sautin, kuma an rubuta ta ne da wani salo da ake kira kodek. Ambulan iri ɗaya na iya ɗaukar wasiƙar boko, yana iya ɗaukar ta ajami. Wanda ya iya boko kaɗai zai yage ambulan ɗin ba wahala, amma idan ajami ya tarar sai ya nemi mai karanta masa. Shi ya sa fayil biyu za su zo duk da sunan MP4, ɗaya ya buɗu ɗaya ya ƙi.

Aikin kodek shi ne matse bayanai da kuma warware su. Bidiyon da ba a matse ba girmansa ya wuce hankali: minti ɗaya mai hoto tangaran zai cinye gigabait da yawa. Kodek yana duba hoton da ya wuce da wanda ke biye, ya adana abin da ya canza kawai, ya zubar da abin da ido ko kunne ba za su lura da rashinsa ba. Da haka fim ɗin awa biyu yake shiga memori. Waɗannan dabaru na lissafi kamfanoni da jami'o'i ne suka ƙirƙiro su, kuma suka yi musu rajistar haƙƙin ƙirƙira. Wannan haƙƙi yana ba mai shi ikon hana kowa amfani da dabarar sai da izininsa, na tsawon shekara 20 daga ranar da ya shigar da takardarsa. Bayan nan dabarar ta zama ta kowa.

A nan ya kamata a raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Haƙƙin mallaka na mai fim ne ko mai waƙa, shi ne wanda 'yan Kannywood suka daɗe suna kuka a kai game da masu turi. Haƙƙin ƙirƙira kuwa na wanda ya ƙirƙiro dabarar matse fim ɗin ne. Mutum na iya ɗaukar bidiyon gonar masararsa da kansa, babu haƙƙin kowa a cikin hoton, amma salon da wayar ta adana shi da shi yana da masu shi.

Labarin MP3

MP3 ne misalin da ya fi fito da abin fili, don an ga farkonsa an ga ƙarshensa. Cibiyar bincike ta Fraunhofer da ke garin Erlangen a Jamus ce ta yi babban aikin, ƙarƙashin injiniyoyi irin su Karlheinz Brandenburg. An fitar da tsarin a 1993, aka raɗa wa fayil ɗin suna .mp3 a 1995. A 1998 cibiyar ta fara aika wa masu rubuta manhajar MP3 wasiƙu cewa sai sun biya lasisi. Wannan wasiƙa ce ta zaburar da wani mai rubuta manhaja, Chris Montgomery, ya duƙufa kan Ogg Vorbis, kodek ɗin sauti da ba a biyan ko sisi a kansa, wanda cikakken sigarsa ta fito a 2002.

Shekara da shekaru wanda ya sa Fedora ba ya iya sauraron MP3 sai ya bi ta bayan gida. Sai a ƙarshen 2016 aka ba da damar kunnawa, sannan a ranar 23 ga Afrilu, 2017 aka rufe shirin karɓar kuɗin lasisin MP3 baki ɗaya saboda haƙƙoƙin sun ƙare. A lokacin wasu jaridu sun yi ta rubuta cewa MP3 ya mutu. Akasin haka ne ya faru: ranar ya samu 'yanci. Yau kowace Linux tana kunna shi daga sawa. Haka MPEG-1 na faifan VCD, wanda tsofaffin fina-finan Hausa suka fito a kai da fayil mai suna DAT, da MPEG-2 na faifan DVD, wanda haƙƙinsa na ƙarshe a Amurka ya ƙare a 2018.

Wa ke biya?

Kodek ɗin da ya mamaye duniyar bidiyo yanzu shi ne H.264, wanda aka fitar a 2003. Yawancin bidiyon WhatsApp da na kyamarar waya shi ne a ciki, tare da sauti na AAC. Masu haƙƙi a kansa suna da yawa, shi ya sa suka tara haƙƙoƙinsu wuri guda a hannun wani kamfani mai suna MPEG LA, wanda a 2023 ya haɗe da Via Licensing suka zama Via LA. Tsarin kuɗin da aka daɗe ana bi shi ne: na'ura 100,000 na farko a shekara kyauta, daga nan santi 20 na dalar Amurka a kan kowace ɗaya, idan aka wuce miliyan 5 ya sauka zuwa santi 10.

Ga kamfanin waya wannan ba wani abu ba ne. Ya san adadin wayoyin da ya ƙera, zai iya cusa kuɗin cikin farashi. Google da kansa ya rubuta a ƙa'idojin Android cewa bai lamunce wa kowa cewa kodek ɗin da ke ciki ba su da masu haƙƙi ba, duk wanda zai sayar da na'ura shi zai nemi lasisinsa. Wato nauyin yana kan irin su Samsung da Transsion mai Tecno, Infinix da itel. Mai saye ba ya ganin wannan ciniki, shi dai ya kunna bidiyo ya buɗu.

Linux kuwa ba a sayar da shi, kuma lasisinsa ya ba kowa damar kwafa ya ba wani. Filashi ɗaya da aka ɗora wa Fedora a Kaduna zai iya sa kwamfuta goma a Birnin Gwari, wani ya kwafe shi ya wuce da shi Kuyello ko Dogon Dawa, babu mai ƙirgawa. Wa zai biya santi 20 a kan kwafin da ba a san da shi ba? Tsarin biyan kuɗi a kan kowane kwafi da tsarin kowa ya kwafa kyauta ba sa zama inuwa ɗaya. Kowane gidan Linux sai ya nemi hanyar da zai bi.

Fedora ya fi kowa taka-tsantsan, saboda kamfanin Red Hat na Amurka ne ke ɗaukar nauyinsa, kuma IBM ya saye Red Hat a 2019. Kamfani mai kuɗi a ƙasar da kotu ke amincewa da haƙƙin ƙirƙira a kan manhaja, shi ne wanda lauyoyi ke nema. A ƙarshen 2022 ma, da fitowar Fedora 37, sun cire damar warware H.264 da H.265 ta katin hoto daga manhajar Mesa, abin da ya fi shafar masu kwamfutar AMD. Mai son cikakken kodek sai ya haɗa da wani rumbu na daban mai suna RPM Fusion, wanda 'yan sa-kai ke kula da shi. Ubuntu, wanda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya kafa a 2004, yana ajiye wani ɗan akwati da ake dannawa lokacin sawa don ƙarin nau'o'in sauti da bidiyo. Linux Mint ma haka yake yi tun 2016, lokacin da ya daina zuwa da kodek ɗin a cikin faifan sawa. Debian yana da FFmpeg da VLC a babban rumbunsa.

Akwai kuma dabarar Cisco, wadda ta cancanci a tsaya a kanta don tana nuna inda gizo ke saƙar. A 2013 kamfanin ya fitar da OpenH264, ya ce shi zai biya kuɗin lasisi a madadin kowa. Sharaɗi ɗaya ne: dole na'urar mai amfani ta sauko da manhajar kai tsaye daga rumbun Cisco. Ba a yarda a sa ta cikin faifan sawa a raba ba. Firefox da Fedora duk suna amfani da wannan hanya. Ga mutumin da ke da intanet a gida, abin yana faruwa cikin daƙiƙu bai ma sani ba. Ga mai shago a gefen daji ranar da babu sabis, kyautar tana can Amurka, shi yana nan. Kusan duk mafitar da aka tsara an gina ta ne a kan zaton cewa intanet kamar iska yake, ko'ina akwai shi, kuma wannan zato ne na wanda bai taɓa bin hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ba.

To VLC fa, me ya sa shi yake kunna komai? VLC ya faro ne a matsayin aikin ɗalibai a makarantar École Centrale ta Faris a 1996, kuma ƙungiyar VideoLAN mai kula da shi a Faransa take. Matsayinsu shi ne dokar ƙasarsu ba ta amince da haƙƙin ƙirƙira a kan manhaja zalla ba, don haka suna zuba kodek ɗin duka a ciki. Haƙƙin ƙirƙira dama ba ya tsallake iyaka. Wanda aka yi wa rajista a Amurka ba ya aiki a Najeriya sai an yi masa rajista a nan, ƙarƙashin dokar haƙƙin ƙirƙira da zane ta 1970. Kuma masu haƙƙin kamfanonin da ke ƙerawa da sayarwa suke bi. Taka-tsantsan ɗin Fedora na kare Red Hat ne a kotunan Amurka, amma wahalarsa tana isowa har kan teburin mai turi.

Sabon ciwon kai: HEVC

Haƙƙoƙin H.264 da yawa sun riga sun ƙare, saura kaɗan. Wanda zai daɗe yana wahalar da mutane shi ne magajinsa, H.265 ko HEVC, na 2013. Yana matse bidiyo fiye da H.264 sosai, amma masu haƙƙinsa sun kasa haɗa kai, suka rabu gida-gida, kowa da kuɗinsa: MPEG LA, da HEVC Advance wanda yanzu ake kira Access Advance, da Velos Media, ga wasu da suka tsaya su kaɗai. Har Windows ma bai tsira ba, don sau da yawa sai an sayi ƙarin manhajar HEVC a shagon Microsoft a kan santi 99.

Tun iOS 11 a 2017 iPhone ke ɗaukar bidiyo da HEVC, hoto kuma da HEIC, kuma wayoyin Android da dama suna da wannan zaɓi a saitin kyamara. Ga wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba. Idan aka tura bidiyo ta WhatsApp yadda aka saba, yawanci manhajar tana sake matse shi zuwa H.264, shi ya sa yake buɗuwa a kowace waya. Xender da Bluetooth da memori kuwa ba sa taɓa fayil, yadda kyamara ta ɗauke shi haka suke miƙa shi. Ranar da sabis ya ɗauke, wannan tafintan da ke aiki a ɓoye ya tafi, sai a fara jin "bidiyon da ka tura min ba ya yi". Idan fim ne, da sauƙi. Idan bidiyon gonar da aka yi wa ɓarna ne da za a nuna wa hukuma, ko hoton takardar asibiti, ko saƙon ɗan'uwa da ke gudun hijira, maganar ta wuce nishaɗi.

Manyan kamfanonin intanet su ma sun gaji da wannan biyan kuɗi. Google ya sayi kamfanin On2 a 2010 ya saki VP8 kyauta, VP9 ya biyo baya a 2013. A 2015 Amazon, Cisco, Google, Intel, Microsoft, Mozilla da Netflix suka kafa ƙawancen Alliance for Open Media, suka fitar da AV1 a 2018. A ɓangaren sauti akwai Opus na 2012, kuma duk wanda ya taɓa tura saƙon murya a WhatsApp ya yi amfani da shi. Waɗannan duka Linux yana kunna su ba tare da neman izinin kowa ba.

Sai dai kada son 'yanci ya rufe wa mutum ido. Cikin kowace waya akwai wani sashe na musamman da aka ƙera don warware bidiyo ba tare da shan batir ba, kuma kusan kowace waya mai Android tana da na H.264. Na AV1 kuwa sai sababbi. Wayar da ba ta da shi dole ƙwaƙwalwarta ta yi aikin da ƙarfin tsiya: ta yi zafi, hoto ya riƙa sarƙewa, caji ya zube. A garin da ake biyan kuɗi kafin a yi caji, wannan hasara ce ta zahiri. Ƙananan wayoyi masu madannai kuma ba su san AV1 ko Opus ba sam, abin da suka sani shi ne MP3, da 3GP mai ɗauke da H.263 da sautin AMR, wasu kuma da MP4 mara nauyi. Don haka abin da za a raba wa jama'a a yau, MP4 mai H.264 da AAC ya fi dacewa, sauti kuma MP3.

Abin da mai sa Linux zai yi tun da sauran sabis

Kada a sa Linux a inda babu intanet, sai dai in an shirya. A kammala komai a wurin da sabis ke da ƙarfi, a danna akwatin ƙarin kodek, sannan a gwada da fayil na gaske kafin a kama hanya: bidiyon iPhone ɗaya, 3GP ɗaya, saƙon muryar WhatsApp ɗaya, da AMR daga ƙaramar waya. Ga sabon shiga mai sana'ar turi, Linux Mint ko Ubuntu sun fi Fedora sauƙi nesa ba kusa ba. A kansu wannan umarni ya wadatar da mafi yawan buƙata:

sudo apt install vlc ffmpeg

A Ubuntu ana iya ƙarawa da ubuntu-restricted-extras, a Mint kuma mint-meta-codecs.

Wanda zai sa wa wasu kwamfutoci a inda babu sabis, akwai dabara. A kan kwamfutar da aka sa wa Linux yanzu-yanzu, kafin a ƙara mata komai, a rubuta:

sudo apt install --download-only vlc ffmpeg

Wannan zai sauko da manhajojin da duk abin da suka dogara da shi ya ajiye a /var/cache/apt/archives ba tare da ya sa su ba. A kwafe fayil ɗin da suka ƙare da .deb zuwa filashi. A ɗaya kwamfutar sai a shiga inda suke a rubuta sudo dpkg -i *.deb. Sharaɗin shi ne sigar Linux ɗin ta zama iri ɗaya sak, kuma a yi saukarwar a kan sabuwar sawa, don apt abin da babu kawai yake saukowa da shi. Idan aka yi a kwamfutar da ta daɗe tana aiki, za a je can a tarar da giɓi. Yana da kyau filashin ya ƙunshi fayil ɗin APK na VLC don wayoyin kwastomomi, wanda aka sauko da shi daga shafin VideoLAN kansa.

Idan fayil ya ƙi buɗuwa, a fara duba wasiƙar da ke cikin ambulan. A VLC na kwamfuta, danna Ctrl da J yana nuna sunan kodek ɗin. Umarnin ffprobe tare da sunan fayil ma yana yin haka. In aka ga hevc, a juya shi:

ffmpeg -i asali.mp4 -c:v libx264 -pix_fmt yuv420p -c:a aac sabo.mp4

Wannan yuv420p ɗin kada a manta da shi, don sababbin wayoyi kan ɗauki launi mai zurfin da tsofaffi ba sa ganewa. Saƙon murya kuma da za a sa wa dattijo a ƙaramar wayarsa, ffmpeg -i murya.opus murya.mp3 ya gama magana. Wanda baƙin allon umarni ke ba shi tsoro sai ya nemi HandBrake, yana juya bidiyo da dannawa kawai. Canza sunan fayil daga MKV zuwa MP4 da hannu, kamar yadda wasu ke yi, sauya rubutun bayan ambulan ne, wasiƙar tana nan yadda take.

Duk juyawa tana rage ingancin hoto kaɗan, saboda haka idan bidiyon shaida ne ko abin tarihi na iyali, a ajiye na asalin a wani wuri, a raba kwafin da aka juya. Mai iPhone da ya san bidiyonsa ta Xender zai yi yawo, ya shiga Settings, Camera, Formats, ya zaɓi Most Compatible. A Android sunan zaɓin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma yana cikin saitin kyamara, inda aka ambaci HEVC ko H.265, sai a kashe shi. Fayil zai ƙara girma, memori zai fi saurin cika, amma zai buɗu a wayar duk wanda aka tura wa.